Gidajen Ƙasa a Bayan Dutsen Atlas

Sanyin da ya tare mu a Tizi n'Tishka ban taɓa jin irinsa ba. Bayan sallar asuba muka baro Marrakesh, a farkon watan Maris na 2023, hanya tana ta nannaɗe dutse kamar ana naɗa rawani, har muka iso inda allo ya nuna mun hau mita 2,260. Direba ya tsaya ya ce in sauka in taka dusar ƙanƙara da ƙafata, kada in koma gida in ce a hoto na gani. Na sauka, na taka, na dawo mota da gudu ina hura hannu. Allunan hanya da yawa rubutu uku ne a jikinsu: Larabci, Faransanci, da Tifinag, baƙaƙen nan masu da'ira da ɗigo da muka saba gani a hannun Buzaye. Tun 2011 harshen Amazig, wanda ake rubutawa da Tifinag ɗin, ya zama harshen hukuma a Maroko, kuma ƙasar da muka dosa ƙasarsu ce.

Gidaje ne suka kai ni can. Na daɗe ina ganin hotunan manyan soraye na jar ƙasa da ke kudancin Maroko, masu hawa uku da huɗu, da hasumiya a kowace kusurwa, ina tambayar kaina wa ya gina su, wa ke kwana a ciki, me ya riƙe su har yau. Da aikin da ya kai ni Marrakesh ya ƙare, sai na ware kwana biyar, na yi jinga da wani direba ɗan yankin, mutum mai haƙuri da yawan tambayata. Shi ya fara raba mini kalmomi biyu da nake cakuɗawa. Abin da ake kira ƙasar da Larabci, Amazig kuma su ce igrem, ƙauye ne sukutum a cikin ganuwa, da masallacinsa da dandalinsa da ƙofa ɗaya ko biyu. Ƙasba kuwa, tigremt a bakinsu, gidan iyali ɗaya ne, na mai sarauta ko mai dukiya, wanda aka gina shi ya zama gida ya kuma zama mafaka ranar yaƙi.

Kaɗan da gangarowa daga saman dutsen muka saki babbar hanya muka yi hagu. Tafiyar kilomita ashirin ce zuwa Telwet, cikin kwari mai jar ƙasa, itatuwan almon sun yi fure fari fat a bakin gonaki. Wannan ita ce tsohuwar hanyar ayari. Kafin Faransawa su fasa hanyar mota ta Tishka a shekarun 1930, duk raƙumin da ya taso daga Sahara zai shiga Marrakesh kusan sai ya bi ta nan, kuma sai ya biya. Akwai ma'adinin gishiri a kusa. Da kuɗin fito da kuɗin gishiri gidan Gilawi, masu ƙasbar Telwet, ya tashi.

Daga nesa ƙasbar Telwet kamar gari take. Da muka matso sai na ga rabinta kango ne. Bangaye sun zube sun zama tudu, azara ta leƙo daga cikin ƙasa kamar haƙarƙarin mushe, shamuwa ta yi sheƙa a kan hasumiyar da ta rage. Wani dattijo cikin jallabiya mai hula ya taso da zoben makullai. Na gaishe shi da Larabcin makaranta, ya amsa yana murmushi, ya ce, "Marhaban, ya ustaz, bi ni a hankali, kada ka jingina da bango." Muka bi wani dogon lungu mai duhu, yaɓe yana zuba a kafaɗata, muka hau matakala, ya tura wata ƙofa mai nauyi.

Na tsaya cak. Ɗakin da muka shiga ba shi da alaƙa da kangon da muka ratso. Daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum an lulluɓe bango da zallij, wato ƙananan gutsattsarin tayil da aka yanka da hannu ɗaya bayan ɗaya, kore da shuɗi da ruwan ɗorawa da baƙi, aka jera su suka ba da taurari masu shiga cikin juna. Daga nan zuwa sama farar ƙasa ce da aka sassaƙa tun tana ɗanya, siririn zane kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Rufin kuwa itacen al'ul ne, an yi masa fenti har babu wurin sa yatsa. Na matsa kusa da bango na ƙirga gutsattsarin da ke cikin tauraro ɗaya, na haura arba'in na bari. A ƙarshen ɗakin akwai taga mai ƙarfen da aka lanƙwasa ya yi ado, in ka leƙa sai ka ga ƙauyen Telwet a ƙasa, ƙananan gidaje masu rufin ƙasa, wata mata tana shanya tufafi, yara suna kora tumaki.

A gaban tagar nan dattijon ya ba ni labarin gidan, kuma abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da ke rubuce a tarihi. An fara ginin a 1860. A 1893 Sarki Hasan na Ɗaya yana dawowa daga yaƙi a Tafilalt, sanyi da dusar ƙanƙara suka rutsa rundunarsa a cikin duwatsun nan, yunwa ta kama su. Madani al-Gilawi ya sauke su, ya ciyar da su. Sarki ya saka masa da muƙamin wakilinsa a kudu, ya bar masa makamai har da igwa ƙirar Krupp ta Jamus. A ƙasar da kowa ke fakewa a bayan bangon ƙasa, wanda ke da igwa ya gama magana. Da ita suka rinjayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Da Faransa ta kafa mulkinta a 1912, Tami, ƙanen Madani, ya zama Pasha, wato gwamnan Marrakesh, ya riƙe kujerar har mutuwarsa. Faransawa suka sakar masa kudu ya yi yadda ya ga dama muddin zai riƙe musu ita. Ya tara dukiyar da aka riƙa lissafa shi cikin manyan attajiran duniya, ya yi abota da Churchill, ya halarci naɗin Sarauniyar Ingila a 1953.

A wannan shekarar ce kuma ya yi abin da ya rushe gidansa. Ya haɗa kai da Faransawa aka tuɓe Sarki Muhammadu na Biyar ranar 20 ga Agusta 1953, daidai lokacin babbar salla, aka kai shi Kosika, daga nan Madagaska. Ƙasa ta ƙi lafawa. Bayan shekara biyu Faransa ta ga ba makawa sai ta dawo da shi, Tami ya je har kusa da Paris a watan Nuwamba 1955 ya durƙusa a gabansa yana neman gafara. Ya rasu a watan Janairu 1956, Maroko ta sami 'yanci a watan Maris, gwamnati ta ƙwace dukiyar gidan, mutanen ciki suka watse.

Na tambayi dattijon, "Ya Hajj, shekara sittin da 'yan kai kaɗai, gida irin wannan ya zama haka?" Ya ɗaga hannu ya nuna mini wani indararo da ya karye a saman bango, da baƙin layin da ruwa ya bi ya zaftare ƙasa har ƙasa. Ya ce daga nan ake farawa. Indararo ɗaya ya toshe, ba wanda ya hau ya gyara, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta ruɓe, rufi ya faɗa, bango ya tsaya tsirara ruwa yana cinsa ta sama. Na daɗe ina kallon layin nan. Raina ya kasu biyu a gidan. Hannun da ya yanka zallij ɗin nan ya cancanci a adana aikinsa ko da mai gidan wane ne. Amma ban iya mantawa da cewa ƙasar da aka tara ta zama wannan tsauni a kan talakawan kwarin aka ɗauko ta, da aikin tilas da haraji, kuma jikokinsu ne nake hangowa ta taga. Ban ga laifinsu ba da ba su yi gaggawar hawa su gyara indararon ba.

Daga Telwet muka bi kwarin Unila muka gangara kudu. Hanya ce siririya, dutse a dama, rami a hagu, can ƙasa kuma kore shar kamar an shimfiɗa darduma a tsakanin jajayen duwatsu. Ƙauyuka suna manne a jikin tudu, launinsu ɗaya da tudun, sai ka zo daf kafin ka gane gida ne. Na lura ba a gina gida a kan ƙasar noma. Duk inda ruwa ke kaiwa an bar wa sha'ir da zaitun da almon, mutane sun hau kan fako. A Tamdaxt muka wuce wata ƙasbar Gilawi, ita ma shamuwa ce ke sarauta a kanta. Rana na shirin faɗuwa muka iso Ait Bin Haddu.

Wannan shi ne wurin da kowa ya sani, shi ne a jikin katin gaisuwa da tallan kamfanonin yawon buɗe ido. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, masu shirya fina-finai na Turai da Amurka sun yi shekaru suna ɗaukar hoto a cikinsa. Na yi tsammanin cunkoson baƙi zai ɓata mini shi, kuma da rana haka ne, lungunan ƙasa duk shagunan gyale da zane ne. Shi ya sa na kwana a sabon ƙauyen da ke hayin kogi, na tashi da sassafe na tsallaka gada kafin motoci su iso. A lokacin ba kowa sai jaki ɗaya da wata tsohuwa mai ɗauke da ciyawa. Gidajen suna hawa tudun bene bisa bene, na ƙasa manya masu hasumiya, na sama ƙanana, har a kai ga ƙololuwa inda rumbun gari yake. Agadir suke kiransa. Kowane gida yana da ɗakinsa a ciki inda yake ajiye hatsi da takardun gona da abin da ya fi daraja, in hari ya zo nan ne wurin ƙarshe da za a kare. Daga can sama na hango masallaci, da maƙabarta biyu, ta Musulmi da ta Yahudawa, da hubbaren waliyyin garin. Masana sun ce babu ginin da ya wuce ƙarni na 17 a cikin waɗanda ke tsaye, ko da yake wurin ya girmi haka. Iyalai 'yan kaɗan ne suka rage a ciki. Sauran sun haye kogi inda makaranta da asibiti da hanyar mota suke, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar mara lafiya a lungu mai matakala ba zai zarge su ba.

Ina gangarowa na ji wani sauti, dum, dum, dum, kamar ana daka a babban turmi. Na bi shi har bayan wani gida, na tarar da magini da yaransa uku suna tayar da bangon da ya faɗi. Nan na yi awa biyu, kuma su ne awa biyun da suka fi mini amfani a tafiyar. Ba tubali suke jerawa ba. Allunan katako biyu ne suka kafa a kan bangon, tsawonsu ya kai kamu huɗu, suna fuskantar juna, an ɗaure su da sanduna da igiya suka zama akwati mara gindi. Luh suke ce masa, allo ke nan. Yaro ɗaya yana haƙo ƙasa, ɗaya yana ɗaukowa a kwando ya hau tsani ya zuba, maginin kuma yana tsaye a cikin akwatin da madaɓin itace mai nauyi yana kirɓawa. Abin da ya ba ni mamaki, ƙasar ba kwaɓaɓɓiya ba ce. Danshi kawai gare ta. Na ce, "Ma'allam, ba za a ƙara ruwa ba?" Ya sunkuya ya dumtsi ƙasar, ya matse ta a tafinsa ta dunƙule, ya sake ta daga daidai ƙugunsa ta faɗi ta tarwatse gida huɗu ko biyar. Ya ce in ta ƙi dunƙulewa ta bushe da yawa, in ta faɗi ta lafke ba ta fashe ba ruwa ya yi yawa, bango zai tsage in ya bushe. Ya miƙo mini in gwada. Na matse, na ji sanyinta da 'yan tsakuwoyin da ke ciki.

Da akwatin ya cika suka kwance igiya, suka zare sanduna, suka matsar da allunan gaba. Sabon bangon ya fito a tsaye, kaurinsa ya fi kamu ɗaya, ana ganin layin kowane zubi a jikinsa. Sai a lokacin na gane ƙananan ramukan da nake ta gani a jere a jikin kowane bango tun daga Telwet: gurbin sandunan akwatin ne. Ma'allam ya ce hawan ƙasa da na tsakiya haka ake yin su, da kauri, don su ɗauki nauyi. Hawan sama kuwa da ƙaramin tubalin da aka shanya a rana ake yi, don ba shi da nauyi kuma shi ne ke karɓar ado, a ja wannan ciki a turo wancan waje har zanen ya fito. Rufi azarar dabino ce ko ta wani farin itace da ke bakin kogi, a shimfiɗa kara a kai, a zuba ƙasa a daɓe. Sannan yaɓe, ƙasa da ƙaiƙayi. Ya dafa bangon ya ce wannan rigarsa ce, tana tsufa, in ba a sake masa wata ba bayan 'yan shekaru sai ruwa ya taɓa naman.

Na tambaye shi ko yaran 'ya'yansa ne. Ya ce ɗaya ne nasa, kuma shi ma hankalinsa yana kan aikin otal a Warzazat. Bai faɗa da ɗaci ba. Ya ce siminti ya fi sauri, kuma mutum in ya yi kuɗi yana so a gani a jikin gidansa. Sai dai duk wanda ya koma gidan bulo ya san abin da ya bari, da rani ɗaki ya zama tanderu, da hunturu ya zama randa. Muka sha shayi mai na'a-na'a a inuwar bangon da bai gama bushewa ba, na yi masa godiya, ya koma cikin akwatinsa.

Warzazat, mai nisan kilomita talatin daga nan, ban daɗe a cikinta ba. Gari ne da ya girma daga barikin sojan Faransa na 1928. Na shiga ƙasbar Tawrirt, wadda ita ma ta Gilawi ce, mai ɗakuna kusan 300, na ga igwar Krupp a tsakar gida tana shan rana. A cikin ginin ne ofishin CERKAS yake, hukumar da ke kula da gine-ginen ƙasa na yankin, kuma sun yi aikin gyaran wurin tare da cibiyar Getty ta Amurka. Aikin ya yi kyau, bangaye a tsaye, matakala lafiya. Amma ɗakunan wayam suke, ba tabarma, ba ƙamshin hayaƙi, muryata tana dawo mini.

Washegari muka yi gabas kilomita arba'in zuwa Sukura, dausayin dabino da zaitun, inda ƙasbar Amridil take. In ka taɓa riƙe tsohuwar takardar dirhami hamsin ta Maroko ka ga hotonta. Asalin wurin tun ƙarni na 17 ne, kuma har yau yana hannun zuriyar da ta kafa shi, iyalan Nasiri, waɗanda suke da nasaba da zawiyar Tamgrut. Wani saurayi daga cikin dangin ne ya zagaya da mu. Ya ce babban soron da ake ɗauka a hoto Madani al-Gilawi ne ya sa aka gina wa kakansu, malamin da ya karantar da 'ya'yansa Alƙur'ani. Na yi shiru ina tuna kangon da na baro shekaranjiya. Gidan mai igwa ya zube, gidan malamin 'ya'yansa yana tsaye da adonsa.

Ba wani sirri ba ne ya riƙe shi, mutane ne a ciki. Wani ɓangare an buɗe wa baƙi, wani ɓangare iyali ne ke zaune, na ji kukan jariri ta bayan wata ƙofa. Saurayin ya nuna mini yadda aka tsara rayuwa hawa hawa: dabbobi da hatsi a ƙasa, madafa a tsakiya, ɗakunan kwana a sama, da ɗakin hunturu da na bazara dabam dabam. Ga rijiya a cikin gida, ga dutsen matse man zaitun, ga tanderun burodi da baƙin hayaƙinsa. Abin da ya fi kama ni makullin ƙofa ne. Na itace ne gaba ɗaya. Mabuɗin kamar ƙaramar muciya yake, da 'yan turaku a bakinsa. Ya zura shi cikin sakata, ya ɗaga, turakun suka tura wasu ƙananan sanduna da suka faɗa cikin ramukan sakatar, ya ja, ƙofa ta buɗe. Ya ba ni na gwada sau uku kafin na iya. A saman soro na ga sabon yaɓe a gefe ɗaya, launinsa ya fi na kewaye duhu, da shatin tafin hannun wanda ya shafa shi.

Kwana biyun ƙarshe a kwarin Dar'a muka yi su. An haye wani dutsen, Tizi n'Tinifift, a gangara Agdaz, daga nan dabino ya fara, ba ya yankewa sai ka yi ta tafiya. Dar'a shi ne kogi mafi tsawo a Maroko, kimanin kilomita 1,100, amma a yawancin shekaru ruwansa ba ya kai teku, kuma tun da aka gina madatsar Mansur az-Zahabi a farkon shekarun 1970 sai an sako ruwa manoman ƙasa ke gani. Na ga dabinai da yawa a tsaye babu kai. Direba ya ce fari ne da bayud, cutar da ke zaune cikin ƙasa ta shiga ta saiwa ta busar da itace, wadda ta kashe miliyoyin dabino a ƙasar. Wannan ma yana cikin labarin gidajen. In dabino ya mutu matasa sun tafi birni, in sun tafi ba mai hawa rufi.

A Tamnugalt, kusa da Agdaz, muka shiga wani ƙauye mai ganuwa da lungunansa a rufe suke ta sama, gidaje sun haɗe a kan hanya, kana tafiya cikin duhu mai sanyi sai can ka ga haske ya sauko ta wata kafa. An nuna mini mallah, unguwar Yahudawa, wadda ta zama kufai tun da suka yi ƙaura a shekarun 1950 da 1960. Yawancin manoman da na gani a gonakin dabino baƙaƙe ne kamar ni. Wasu zuriyar mutanen da suke kwarin tun fil azal ne, wasu kakanninsu ta hanyar ayari aka kawo su a ɗaure. Shekaru aru-aru su ne ke noma gonar wani a ba su kashi ɗaya cikin biyar na amfanin. Wani tsoho a bakin masallaci ya riƙe hannuna ya tambaye ni daga ina, na faɗa masa, ya ce ƙasar Sudan ke nan, wato ƙasar baƙar fata, ya daɗe bai saki hannun ba.

A Zagora akwai allon nan da kowa ke tsayawa ya ɗauki hoto, an zana raƙuma da mutum mai rawani, an rubuta cewa Timbuktu kwana 52 ce. Baƙi suna dariya a gabansa, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Daga kwarin nan sarakunan Sa'adi na Maroko suka fito, kuma ta nan rundunar ɗaya daga cikinsu, Ahmad al-Mansur, ta bi a ƙarshen 1590 ƙarƙashin Judar Pasha, ta ƙetare hamada da bindigogi, ta karya daular Songhai a Tondibi a watan Maris 1591. Bayan shekara uku aka kamo malaman Timbuktu, cikinsu har da Ahmad Baba, aka kawo su Marrakesh, littattafansa suka salwanta. Hanyar da ta kai gishiri da littafi kudu ita ce ta kai wannan.

Shi ya sa na ji daɗi da tafiyar ta ƙare a Tamgrut, kilomita 18 gaba da Zagora. Zawiyar garin an kafa ta a ƙarni na 16, ta shahara a hannun Shehu Muhammad bin Nasir a ƙarni na 17, ɗansa Ahmad ya tara littattafai daga tafiye-tafiyensa na aikin hajji har ɗakin karatun ya zama abin kwatance a Magrib. Kimanin littattafan rubutun hannu 4,000 suka rage a wurin, wasu an kwashe zuwa Rabat. Mai kula da su, wani dattijo mai raunin gani, ya bi da ni gaban akwatunan gilashi yana faɗin sunan kowane littafi ba tare da ya duba ba: tafsiri, fiƙihu, lissafi, ilmin taurari, magani, da Alƙur'ani a kan fatar barewa. Na sunkuya a kan wani shafi na ga rubutun Magribi, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, irin wanda na fara gani a allo ina yaro. Na karanta layi biyu a bayyane. Dattijon ya juyo ya ƙarasa mini ayar.

A harabar zawiyar marasa lafiya suna zaune a inuwa, wasu sun yi makonni suna jiran sauƙi daga Allah. A bayan gari kuma maginan tukwane suna aiki, mutum ya shiga rami har ƙugu yana juya faifai da ƙafa. Korayen kwanukan Tamgrut daga nan suke fitowa, launin kuma daga tagulla da wani baƙin ma'adini ne da ake shafawa kafin a gasa. Na sayi ƙaramin kwano ɗaya, mai tabo uku a ciki inda aka ɗora wani a kansa cikin wuta, na naɗe shi da rawanina don kada ya fashe a hanya.

Wata shida da dawowata, daren 8 ga Satumba 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin 6.8 ta afka wa duwatsun Atlas. Mutane kusan 3,000 suka rasu, yawancinsu a ƙauyukan kan dutse. Masallacin Tinmal na ƙarni na 12 ya rushe kusan duka, rumbun da na hau a ƙololuwar Ait Bin Haddu ya yi mummunar lalacewa. Kwana biyu ina kiran direbana waya ba ta shiga. A rana ta uku ya ɗauka, ya ce shi da iyalinsa lafiya, amma a waje suke kwana, kuma tun ranar yake jigilar barguna da burodi zuwa ƙauyukan da hanya ta buɗe. Na yi masa jaje, na yi wa mamatan addu'a. Sai da muka kusa sallama na tambaye shi ma'allam. Ya ce ya gan shi jiya da ya wuce ta garin, yana bin gidaje ɗaya ɗaya da yaransa, yana sa tafin hannu a kan kowace tsaga yana gaya wa masu gida wanda za su iya kwana a ciki da wanda za su fita.